Inna a Jirgin Ruwan Birmingham

Inna, mahaifiyata, ta zo wurinmu a Manchester a wani lokacin zafi, irin zafin ƙasar nan da ba ya hana mutum fita da lema. An yi mata aikin ido a Kano, muka ce ta zo ta huta, a kuma ƙara duba idon a nan. Gidanmu yana Old Trafford, a wani layi da gidajensa duk jan bulo ne, kowanne manne da ɗan'uwansa. Ni aikin akanta nake yi, da safe nake fita. Maigidana likita ne, wani lokacin sai a kwana biyu ba a gan shi da rana ba. Saboda haka Inna kan wuni a kujerar bakin tagar falo, carbi a hannu, tana kallon titi.

"Wai ku ta yaya kuke gane ƙofarku?" ta tambaye ni wata rana da na dawo. "Tun safe nake kallon gidajen nan. Mutum ɗaya ne ya gina su, kuma da gani sauri yake yi."

Abin da ya fi damunta shi ne rashin ganin babbar 'yata. Ita ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta, ko a baki ko a rubuce. Tun tana ƙarama take yi mini tsiya a kan wannan, ban kuwa fasa ba. A nan aka haife ta. A lokacin tana jami'a a Birmingham tana karatun zayyanar gine-gine, tana zaune a wani flat, wato ɗan gidan haya, a Balsall Heath ita da ƙawayenta. Hutun shekarar ba ta dawo gida ba, don ta sami aikin wucin gadi a wani ɗan kamfani mai zagayawa da baƙi cikin gari. A ɗauke su a ƙaramar bas a nuna musu gine-gine, sannan a sa su a jirgin ruwa su ƙarasa. Ita ce mai yi musu bayani.

"Ni na tsallako teku," in ji Inna, "ita ta kasa tsallako titi."

Da na faɗa wa yarinyar a waya sai ta yi dariya, ta ce to mu mu zo ranar Asabar, za ta ajiye mana kujeru. Amma ta kafa sharaɗi.

"Mami, please, kada kowa ya san ku 'yan gidanmu ne. In na tuna kuna kallona rikicewa zan yi. Ku zauna kawai kamar sauran mutane."

Inna ta amince da sharaɗin, ta amince da bas. Da aka zo maganar jirgin ruwa ne ta ajiye carbi. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa hawa kan ruwa ba, kuma ba da furfura za ta fara ba. Na ce mu je dai mu gani. Ranar Juma'a ta shiga kicin ɗina ta yi dambun nama da cincin, ta cusa a jakarta, wai ba a zuwa wurin jika hannu biyu.

Birmingham ba baƙon gari ba ne a wurina. Na sha zuwa suna da biki a Erdington, inda muke da abokan arziki da yawa. Sai dai iyakacin abin da na sani na garin shi ne shatale-talensa da wahalar samun wurin ajiye mota. Ban taɓa tsayawa na ɗaga kai na dubi wani gini ba.

Mun sami bas ɗin a tsakiyar gari, fara, ba ta fi ta 'yan makaranta girma ba. Direban wani dattijo ne mai gemu, asalin Pakistan. Da ya ga Inna ya yi mata sallama, ya jawo wata 'yar matakala ya ajiye mata. A ciki akwai wasu ɗalibai da kyamarori, da wata mata da ke tafe ita kaɗai, da wani tsohon Bature mai sanda da matarsa, waɗanda suka zauna a kujerar da ke gefenmu.

Sai ga 'yata ta shigo. Ta ɗora rigar kamfanin a kan doguwar rigarta, ta naɗa mayafi tsaf, abin magana a hannu. Ta gaishe da jama'a da Turancin nan nata na Manchester, idonta ya bi ta kanmu ya wuce kamar ba ta taɓa ganinmu ba.

"Ji 'yar nema," Inna ta raɗa mini. "Kamar ba a cinyata ta sha yin fitsari ba."

Na danne dariya da gefen gyale.

Bas ta tashi, aikina ya zama fassara. Yarinyar tana magana, ni ina juya wa Inna a kunne, rabi ina rasa kalmar da zan sa. Mun fara da wani babban zauren taro na farin dutse, wanda ginshiƙai suka kewaye ko ta ina. Inna ta dube shi ta ce, "Ginshiƙan na gani. Ina ɗakunan?" Daga nan muka tsaya gaban wani tsohon ginin kotu, ja wur, jikinsa duk ado, furanni da ganyaye da fuskoki. 'Yata ta ce ba sassaƙa dutse aka yi ba. Yumɓu ne aka zuba a mazubi aka gasa, domin a zamanin da hayaƙin masana'antu ya rufe garin, gasasshen yumɓu ne ke jure shi, ruwan sama kuma ya wanke shi. Da na fassara, Inna ta gyara zaman tabarau ta ƙara dubawa.

"Ashe tukunya ce," ta ce. "Babbar tukunya ce aka yi wa ƙofa."

Akwai wani ginin kasuwa na zamani mai lanƙwasa, wanda aka lulluɓe da faya-fayan ƙarfe masu ƙyalli. Wannan ko fassara ba ta jira ba, ta ce jeren ɗakin amarya ne aka juyo da shi waje. Babban ɗakin karatu kuwa, da aka yi wa ado da zobban ƙarfe a sarƙe da juna tun daga ƙasa har sama, ta ce awarwaro ne. Can sai muka ji 'yata tana cewa wasu na ganin zobban suna tuna wa mutane da maƙeran zinariya da azurfa na garin. Na faɗa wa Inna. Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka tabbatar mata da abin da ta riga ta sani.

Ni kuwa hankalina ya rabu biyu. Yarinyar nan tana ƙarama, in mun je taro, bayan zanena take ɓuya, sai an yi da gaske take gaida mutane. Yau ga ta a tsaye a gaban bas, tana riƙe da ƙarfe saboda kwane-kwanen titi, tana nuna wa baƙi inda za su duba. Da farko muryarta tana ɗan rawa, ni kaɗai na ji. Kafin mu bar tsakiyar gari ta daidaita. Sai na riƙa kallon taga.

Wuri ɗaya aka ce kowa ya sauko. Wasu tsofaffin gidajen ma'aikata ne da aka adana yadda suke, ƙanana, an gina su baya da baya, bango ɗaya ya raba iyali biyu. Ta wani siririn lungu ake shiga, mutum ɗaya-ɗaya, sai ka ɓulla a tsakar gida. Ƙofofi sun kewaye ta, ga ɗakin wanki na kowa da kowa, ga bayi a jere a can gefe, ga igiyar shanya.

Inna ta tsaya a tsakiya. Ta juya a hankali ta dubi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nemi wani benci ta zauna.

"Wannan ai gidan hayarmu ne na Fagge," ta ce. "Inda muka fara zama da babanku yana ƙaramin ma'aikaci. Har inda bayin yake. Wai Turawa ma sun yi irin wannan zaman?"

Tsohon nan mai sanda ya zo ya zauna a ɗaya gefen bencin, yana haki kaɗan. Ya ce da ni a irin wannan gidan aka haifi mahaifiyarsa, shi ma ya yi wayo yana zuwa wurin kakarsa a can. Ya ce ranar wanki kowace mace da ranarta, in wata ta shiga ranar wata, unguwa ta ji. Na fassara wa Inna. Ta tafa hannu.

"Ce masa mu a kan igiyar shanya muke yi. Tambaye shi, su ma in an dafa abu mai daɗi sai an zuba wa maƙwabta?"

Ya ce ba dole ba ne, amma ƙamshi ba ya ɓuya, kuma yaran gidan sun san ƙofar da za su je su tsaya. Suka yi ta dariya su biyu, ni ina tsakiya ina kai magana ina dawo da ita. Ya ɗaga sanda ya kira 'yata ya tambaye ta ko a wane lungu aka fara rushe irin gidajen nan. Ta ce gaskiya ba ta sani ba, amma za ta bincika. Ya ce ba komai, shi ma da ya sani ya manta.

Daga nan bas ta kai mu bakin ruwa. Ba kogi ba ne irin wanda muka sani. Hanyar ruwa ce da aka haƙa aka gina mata gaɓa da bulo, tana ratsa tsakiyar gari ta bayan gidaje. Jirgin dogo ne siriri, kore, an zana masa furanni a ƙofa, da rufi da tagogi da ƙananan tebura a ciki. Wata Baturiya mai furfura ce ke tuƙa shi, tana tsaye a baya da sandar juya shi a hannu.

Kowa ya shiga, Inna ta ja ta tsaya. Ta dubi ruwan, ta dubi 'yar tazarar da ke tsakanin gaɓa da jirgi, ta ƙanƙame jakarta.

"Ku je ku dawo. Ga benci can, zan jira ku."

Na yi lallashi, na yi magiya, ta ce atafau. Mai tuƙi ta tsaya tana jiranmu. Na riga na yanke shawarar in zauna da ita, sai na ga 'yata ta ajiye abin magana a kan tebur ta fito. Ta zo gaban Inna ta ɗan rusuna, ta yi magana da Hausar nan tata mai karkacewa.

"Hajiya, ruwan ba zurfi. Mutane ne suka haƙa da hannu. In kin tsaya a ciki, nan zai zo miki." Ta nuna ƙirjinta. "Ki riƙe ni. Ba zan sake ki ba."

Inna ta dube ta sama da ƙasa.

"Au, yanzu kin san mu?"

"Na san ku, Hajiya."

"Ai na ɗauka baƙi ne mu."

Mutanen jirgi duk sun leƙo ta taga suna kallo. Yarinyar ta juya ta ce musu da Turanci, wannan kakata ce, waccan kuma mahaifiyata, yau ce ranar farko da kakata za ta hau ruwa. Matar tsohon nan ta ce ai tun a bas ta gane, don hancinsu ɗaya. Inna ta yi bismilla, ta miƙa ƙafar dama, hannu ɗaya a kafaɗar jikarta ɗaya a wuyan hannuna, ta shiga. Ɗaliban suka yi mata tafi. Ta zauna a tsakiyar jirgi, nesa da taga, ta ce kada wanda ya yi mata magana tukuna.

Jirgin ba ya sauri ko kaɗan. Masu tafiya a ƙasa da karnukansu suna wuce mu. Ƙarar injin ma ƙasa-ƙasa take, kamar keken ɗinki a ɗaki na uku. Daga kan ruwa sai garin ya zama wani daban. Abin da muka gani daga bas fuskokin gine-gine ne, a nan kuwa bayansu muke gani: tsofaffin ɗakunan ajiya masu ƙofofi a kan ruwa, inda a da ake sauke gawayi da ƙarfe, da tagogin da aka toshe da bulo, da wasu da aka mayar gidajen kwana aka jera musu tukwanen furanni. 'Yata ta ce mu dubi gefen wata gadar ƙarfe da za mu bi ta ƙarƙashinta. Akwai wasu zurfafan layuka a jikin ƙarfen. Ta ce kafin a sami inji dawakai ne ke jan jiragen daga gaɓa, igiyarsu ce ta yi ta gogar wurin har ta ci shi haka. Inna ta matso kusa da taga don ta gani. Ba ta koma tsakiya ba.

Sai muka shiga wani rami a ƙarƙashin titi. Rufinsa ya yi ƙasa sosai, duhu ya rufe mu, ruwa yana ɗiga a kan jirgin. Inna ta damƙe hannuna, ina jin tana karanta addu'a a hankali. Muka fito cikin haske, ga dogayen gine-ginen gilashi a gabanmu, ga dinya suna iyo da 'ya'yansu a gefe. Ta saki hannuna ta ce, "To, Alhamdu lillahi." Ta buɗe jaka ta fito da dambu, ta miƙa wa tsohon da matarsa. Ya ɗiba da yawa ya watsa a baki, yaji ya kama shi, ya yi ta tari hawaye na zuba, yana ɗaga babban yatsa. Matarsa ta karɓi cincin.

Da jirgin ya juyo, an fara yayyafi. Bayani ya ƙare, aka kawo shayi, kowa ya shiga hirarsa. 'Yata ta zo ta zauna a teburinmu, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Hajiya," ta ce, "kin ce gidan ɗazu kamar na Fagge. To gidan da kika girma fa? Yaya yake?"

Inna ta dubi kayan shayin da ke gabanta. Sannan ta ture kofinta zuwa bakin tebur.

"Wannan zaure ne. Nan Malam yake zama, mahaifina." Ta ɗauki nawa kofin ta ajiye a bayansa, a ɗan karkace. "Wannan zaure na biyu. Ba a sa ƙofarsa daidai da ta farko, don kada na waje ya hango cikin gida."

Ta jera ƙullin sukari suka zama ɗakunan mata. Cokali ya zama katanga. Murfin robar dambu ya zama rijiya, cincin guda ɗaya ya zama bishiyar dabino da ke kusa da ita. Ta nuna inda indararo yake zubar da ruwan rufi, inda su yara suke tsayawa a ƙarƙashinsa in ana ruwan sama har a fito a kore su. Ta ce kafin damina magina kan zo su shafe bangon da makuba, gidan ya yi kwana da kwanaki yana wani irin wari da har yau in ta tuna tana jin sa a hanci. Ta ce a kan soron Malam akwai zankwaye a kowace kusurwa, daga nesa da su ake gane gidan.

"Soron ciki ba ginshiƙi ko ɗaya," ta ce. "Bakan gizo aka yi masa. Daga bango ya taso nan, ya taso nan, su haɗu a sama."

"Da me aka yi? Me ya riƙe shi?"

"Azara ce a ciki, aka lulluɓe da ƙasa. Yadda suke ɗaura ta kuwa ban sani ba, ba a barin mu wurin. Ni dai na san in zafi ya yi, can muke gudu mu kwanta a daɓe. A daidai inda suka haɗu an manna wata tasa mai ruwan bula. Ina kwance ina kallonta har barci ya ɗauke ni."

Yarinyar ta tambaya ko in ta je Kano za a kai ta ta gani. Inna ta ce ai babu shi. Bayan rasuwar Malam aka raba gado, aka sayar, wanda ya saya ya rushe ya yi shaguna. Ta kwatanta wurin, sai na gane shi. Na sha tsayawa a gaban shagunan nan ina sayen kaya in na je gida. Na san a unguwar aka haife ta, amma ban taɓa jin labarin tasar ba, ko na dabinon.

Ruwa yana sauka a kan rufin jirgi. 'Yata ta miƙe tsaye ta ɗauki hoton teburin daga sama da wayarta. Da muka iso gaɓa mai tuƙi ta shigo tattara kofuna, ta tsaya a kanmu ta dubi abin da aka jera. Aka gaya mata gida ne. Ta ce to bari ta fara da sauran teburan.

Mun yi salla a flat ɗin yarinyar a Balsall Heath, ƙawayenta suka dafa mana shinkafa, Inna ta duba kicin ɗinsu ta yi musu faɗan da ya kamata. Muka kamo hanyar Manchester rana ba ta faɗi ba. Tun kafin mu fita daga gari Inna ta yi barci.

Sauran makonnin da ta yi a wurinmu ba ta cika zama a bakin taga ba. Ta ji cewa Manchester ma tana da irin wannan ruwan, ta ce sai na kai ta. Muka riƙa zuwa da yamma in na taso aiki, muna tafiya a hankali a gaɓa, ta gefen tsofaffin masaƙun auduga da aka mayar gidajen kwana. Tana tambayata wannan na mene ne, wancan wa ya gina, ni kuma ina buga wa yarinyar waya ina tambaya.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, 'yata ta tafi Kano ita kaɗai, karo na farko ba tare da mu ba. Inna ta kai ta cikin gari, gidan wata ƙawarta ta ƙuruciya, inda har yanzu akwai tsohon soro a tsaye. Inna ce ta ba ni labari a waya. Ta ce tsohuwar ta sa an share gida tun asuba, ta yi ta ba da haƙuri wai 'ya'yanta sun daɗe suna cewa za su rushe su yi na siminti, Allah bai nufa ba. Da aka ce mata soron aka zo gani, ta ɗauka wasa ake yi mata.

"To, ita yarinyar me ta ce?" na tambaya.

"Me za ta ce? Tabarma ta nema, ta kwanta rigingine tana kallon sama. Har muka gama hirarmu, aka kawo fura, ba ta tashi ba. Sai da na ce mata direba yana jira."